Yoga ta Jarirai da Renon Bahaushe: Me Za Mu Ɗauka, Me Za Mu Bari?

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Wannan karin magana ya nuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin girman yaro hawa-hawa ne, kuma kowane hawa yana da irin hidimar da yake bukata daga manya. A 'yan shekarun nan wayar hannu ta shigo wa matan birane da wani abu da ake kira yoga ta uwa da jariri, inda ake nuna mata zaune a kan shimfiɗa suna lanƙwasa gaɓoɓin 'ya'yansu bisa umarnin wata malama. Wasu sun karɓi abin hannu bibbiyu a matsayin ci gaba, wasu kuwa sun yi tir da shi a matsayin baƙuwar al'ada. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa duka ɓangarorin biyu sun yi garaje. Ra'ayina shi ne, mafi yawan abin da ake tallatawa da sunan yoga ta jarirai yana nan cikin renon gargajiya da ake yi a garuruwa irin su Kekun Waje ta ƙaramar hukumar Bunguɗu, da Tsafe da tsofaffin unguwannin Gusau. Aikin da ke gabanmu shi ne mu taskace namu, mu tace shi, sa'an nan mu ari ɗan abin da ya rage mana.

2.0 Mece ce Yoga ta Jarirai?

Yoga tsohuwar hanya ce ta horar da jiki da numfashi da tunani wadda ta samo asali daga ƙasar Indiya, kuma tushenta yana haɗe da addinai da falsafar mutanen can. A ƙarni na ashirin ta bazu zuwa Turai da Amurka, inda mafi yawan masu yin ta suka mayar da ita motsa jiki kawai. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya.

Reshen da ya shafi jarirai kuwa sabo ne. A shekarar 1976 wani likita Bafaranshe mai karɓar haihuwa, Frederick Leboyer, ya wallafa littafi a kan yadda ya ga wata mata a birnin Kalkata na Indiya tana yi wa ɗanta tausa. Daga baya wata masaniyar al'adun al'umma a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Françoise Freedman, wadda ta zauna da mutanen dajin Amazon a ƙasar Peru ta ga yadda suke sarrafa jariransu, ta tsara darussan da suka shahara da sunan yoga ta jarirai. Abin lura a nan shi ne, Turawan da suka tsara waɗannan darussa daga wurin talakawan Indiya da na Peru suka koyo. Sun ga abin da masana'antu da zaman birni suka raba su da shi, suka rubuta shi, suka sa masa suna da farashi.

Darasin yakan ƙunshi abubuwa huɗu: tausar jikin jariri, da miƙar da gaɓoɓinsa a hankali, da rausaya shi tare da waƙa, da kuma motsa jiki da daidaita numfashi ga ita uwar domin ta warware daga wahalar ciki da naƙuda.

3.0 Abin da ke Cikin Ɗakin Mai Jego

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san cewa wankan jariri aiki ne na ƙwararru. Ungozoma ko kaka ko wata tsohuwa ta gida ita ke zama ta miƙe ƙafafu, ta ɗora jaririn a kan ƙaurinta, ta wanke shi da ruwan ɗumi. Idan ta gama sai ta shafe shi da mai, galibi man kaɗanya ko alayyadi, tana bin gaɓa-gaɓa da tausa. Takan kama hannayensa ta gicciya su a kan ƙirji sa'an nan ta ware su, ta lanƙwasa gwiwoyinsa zuwa ciki ta sake miƙar da su, ta kifa shi ta shafi gadon bayansa tun daga wuya har zuwa ƙugu. Idan aka tambaye ta dalili, sai ta ce don jiki ya yi ƙwari, yaro ya yi barci, ciki kuma ya saki iska. Waɗannan su ne ainihin dalilan da malaman yoga suke kawowa, sai dai da wani harshe.

Bayan wanka akwai goyo. Yaron da aka goya da zane da majanyi yana jin ɗumin jikin uwarsa da bugun zuciyarta, yana rausayawa da ita idan tana daka ko tankaɗe ko tafiya rijiya. Wuyansa da bayansa suna koyon daidaita kansu da kowane motsi, ƙafafunsa kuma suna buɗe a kan ƙugunta, zaman da likitocin ƙashi suke ganin ya dace da haɓakar kwatangwalon jariri. Akwai kuma tawai, inda ake ɗora yaro a cinya ana rausaya shi da waƙa da kirari. Idan ya kai wata huɗu ko biyar sai a fara koya masa zama, a sa shi cikin daro ko a kewaye shi da tsummoki da matasan kai. Daga nan sai rarrafe, sai dabo, sai tata, inda yayyensa ke riƙe hannayensa suna ja da baya, sai kuma keken katako mai ƙafa uku da kafinta ke ƙerawa.

Ɗalibin harshe zai lura da wani abu a nan. Al'ummar da ta keɓe kalma ga kowane mataki, wato zama da jan ciki da rarrafe da dabo da tata, al'umma ce da ta sa ido sosai a kan girman yaro. Harshe ba ya ƙirƙiro suna ga abin da masu shi ba su damu da shi ba. Saboda haka renon Bahaushe manhaja ce cikakkiya, illa iyaka ba a rubuta ta ba.

4.0 Abin da Bincike ya Nuna

Kada a ɗauka wannan magana kishin al'ada ce kawai. A shekarun 1950 wata likita Bafaranshiya, Marcelle Geber, ta gwada jarirai a Kampala ta ƙasar Yuganda, ta ba da rahoton cewa suna riga takwarorinsu na Turai riƙe wuya da zama da tafiya. Da farko wasu sun zaci bambancin halitta ne. Amma a 1976 wani Ba'amurke, Charles Super, ya wallafa sakamakon bincikensa a kan al'ummar Kipsigis ta Kenya, inda ya nuna cewa yaran suna yin gaba ne a abubuwan da ake koya musu da gangan, wato zama da tsayuwa da tafiya, ba sa kuwa yin gaba a abin da ba a koya musu, kamar rarrafe. Wannan ya nuna cewa sirrin yana cikin reno. Haka kuma Hopkins da Westra sun gano a ƙarshen shekarun 1980 cewa 'ya'yan matan Jamaika mazauna Ingila, waɗanda ake yi wa tausa da miƙar gaɓoɓi irin ta kakanninsu na Afirka ta Yamma, suna riga 'ya'yan Turawa zama da tafiya.

Ta fuskar tausa, Tiffany Field da abokan aikinta sun nuna a 1986 a birnin Mayami na Amurka cewa bakwainin da aka riƙa yi wa tausa da motsa gaɓoɓi sau uku a rana sun fi waɗanda ba a yi wa ba ƙaruwar nauyi da kashi 47 cikin ɗari, kuma an sallame su daga asibiti kwana shida kafin sauran. Ta fuskar haɗa jiki da jiki kuwa, a 1978 likitoci a birnin Bogota na Kolombiya, saboda ƙarancin kwalbar renon bakwaini, suka fara ɗaure jariran a ƙirjin iyayensu mata fata da fata. Wannan dabara, wadda ake kira renon kangaru, ta ceci rayuka masu yawa, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ta nan take bayan haihuwar bakwaini. A wannan shekara ce kuma hukumar ta ce ana iya yi wa lafiyayyen jariri tausa mai sauƙi a dukkan jiki. Tun a 2019 ta ba da shawarar a riƙa kifa yaron da bai fara rarrafe ba na aƙalla minti 30 a rana, a rarrabe, yana farke, kuma kada a ajiye yaron da bai shekara ba a gaban talabijin ko waya.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi iyakar wannan hujja. Wani babban bita da masana suka yi a 2013 a kan nazarce-nazarcen tausar jarirai ya nuna cewa hujjar amfaninta ga lafiyayyun yara ba ta da ƙarfin da masu tallata ta suke iƙirari. Haka nan saurin tafiya ba alamar kaifin basira ba ne. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006, wanda ya haɗa da yaran Gana, ya nuna cewa lafiyayyen yaro yana iya fara zama da kansa tsakanin wata huɗu da wata tara, ya fara tafiya tsakanin wata takwas da wata goma sha takwas. Don haka babu dalilin da zai sa a riƙa yi wa uwa gori don ɗan kishiyarta ya riga nata tafiya.

To, ina amfanin da ba a jayayya a kansa? Yana cikin mu'amala. A tsakiyar shekarun 1980 an gudanar da wani gwaji a Kingiston ta Jamaika, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar gidajen yaran da rashin abinci ya tsumburar, mako-mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata yin wasa da hira da 'ya'yansu. Da aka bibiyi yaran bayan shekara ashirin, rahoton 2014 ya nuna cewa abin da suke samu a sana'a ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa ziyarar ba da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Ba na'ura aka raba wa gidajen nan ba, wasa da hira kawai aka koyar.

5.0 Reno da Koyon Harshe

Wannan batu ya shafi malamin Hausa kai tsaye. Bincike ya tabbatar tun 1980 cewa jariri ɗan kwana biyu ko uku yana bambance muryar uwarsa da ta wata mace. An kuma nuna a 1984 cewa jariri ɗan wata shida yana iya rarrabe sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa yakan tsaya a kan sautukan harshen da ake yi masa magana da shi. Ma'ana, tun kafin yaro ya furta kalmar farko yake gina bambancin da ke tsakanin /b/ da /ɓ/, da /d/ da /ɗ/, da /k/ da /ƙ/, haka nan karin sauti da tsawon wasali waɗanda ma'anar kalmomin Hausa ta dogara a kansu.

A ina yaro yake samun wannan darasi? A bakin mai yi masa wanka tana zolayarsa, da mai yi masa tawai tana rera waƙa tana maimaita gaɓoɓi, da kakar da ke kiran jikanta mijinta ko jikanyarta kishiyarta. Idan yaron ya yi gwalantu sai ta amsa masa kamar ya faɗi magana, ta dakata, ya sake, ta sake. A wannan musaya yake koyon cewa zance karɓa-karɓa ne. Waya ba ta iya yin haka, domin ba ta jiran yaro ya amsa. Ashe ke nan tausa da miƙar gaɓoɓi wata dama ce ta haɗa fuska da fuska, kuma hirar da ake yi a lokacin ta kai motsin daraja, idan ma ba ta fi shi ba.

6.0 Abin da ya Kamata Mu Bari

Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba duk abin da ya tsufa ne zuma ba. Akwai abubuwa cikin renonmu da suka kamata a daina su. Na farko shi ne cilla jariri sama a cafe, da riƙe shi ta ƙafa kansa a ƙasa ana kaɗawa, wai don a cire masa tsoro. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Tun a 1971 likita Norman Guthkelch ya bayyana yadda jijjiga jariri da ƙarfi ke haddasa zubar jini a cikin ƙoƙon kai. Hannu mai santsin mai kuma yana iya kuɓucewa. Na biyu shi ne ɗura, wadda kan sa ruwa ko kunu ya faɗa hanyar numfashi. Na uku shi ne gashin cibi da tsumma ko kasko mai zafi da shafa masa abubuwan da ba su da tsafta, alhali akwai maganin shafawa da ake samu a asibiti. Na huɗu shi ne cire beli. Na biyar shi ne gaggawar wanke jariri da ya faɗo, domin shawarar masana ita ce a jinkirta wankan farko har kwana ɗaya, a bar shi a jikin uwarsa ya ji ɗumi ya kama nono.

Ita ma mai jego tana da nata. Davidson da Parry sun nuna a Zariya a 1978 cewa yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa yana da alaƙa da shan kunun kanwa da yawa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Manufar wankan jego kyakkyawa ce, wato a hutar da mace a kula da ita kwana arba'in. Ana iya riƙe manufar a rage tafasasshen ruwa da kanwa.

Dangane da addini, tsoron da wasu ke yi yana da tushe. Majalisar fatawa ta Malesiya a 2008 ta hana Musulmi yoga saboda abin da ta ƙunsa na ibadar wani addini, yayin da majalisar malaman Indonesiya a 2009 ta haramta wadda ke ɗauke da irin waɗannan karance-karance, ta bar wadda take motsa jiki zalla. A ganina ba mu da bukatar shiga wannan taƙaddama, domin ba mu da bukatar sunan. Tausa da miƙa da tawai sun ishe mu, kuma babu wanda zai tuhumi uwa don ta tausa ɗanta tana yi masa addu'a.

7.0 Abin da ya Kamata Mu Ɗauka

Abu uku nake ganin masu yoga sun fi mu. Na farko, sun mayar da aikin hannun uwa. A al'adarmu kunyar ɗan fari takan hana yarinya kallon ɗanta ko yi masa wasa a gaban mutane, har ma ba ta kama sunansa. A da wannan bai cutar da yaro ba, domin gida cike yake da kaka da gwaggo da inna da 'yar reno. Yau al'amari ya sauya. Ma'aikaci ya ɗauki matarsa sun tare a gidan haya a Gusau su biyu, 'yar reno ta tafi makaranta kamar yadda ya dace, rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe ya kuma warwatsa dangi da yawa, kaka tana wani gari jikanta yana wani. Idan uwa ta ci gaba da kara alhali waɗanda kara ta dogara da su ba sa nan, yaro ne zai tashi a tutar babu. Kunya ado ce a gaban surukai, amma cikin ɗaki wajibi ne uwa ta dubi idon ɗanta ta yi masa magana.

Na biyu, sun kula da jiki da zuciyar ita uwar. Motsa jiki mai sauƙi bayan haihuwa yana taimakawa wajen ciwon baya da ƙarfafa tsokar mara, zama da sauran masu jego kuma yana rage kaɗaici da damuwar da kan kama wasu mata bayan haihuwa, wadda sau da yawa mukan fassara da iska ko shagwaɓa. Uwar da ke cikin ƙunci ba ta iya yi wa ɗanta fara'a.

Na uku, sun jawo uba. Bahaushe yakan ɗauka haƙƙin jariri a kansa ya ƙare da ragon suna da itacen wanka da kayan ƙauri. Alhali ingantattun hadisai sun nuna Manzon Allah (SAW) yana ɗaukar jikokinsa yana sumbatar su, har ya yi salla ɗauke da jikanyarsa Umama. Magidancin da ya ɗora jaririnsa a ƙirji bayan sallar isha'i na minti goma bai zubar da girmansa ba.

8.0 Shawarwari

Da farko, sassan Hausa na kwalejojin ilimi, kamar ta Maru da ta tarayya da ke Gusau, su tura ɗalibai su tattaro waƙoƙin reno da kalmomin jarirai da matakan wanka daga bakin tsofaffin Kekun Waje da Kwatarkwashi da makamantansu, tun masu ilimin suna raye. Na biyu, a miƙa abin da aka tattaro ga masana lafiya, irin na kwalejin kimiyyar lafiya ta Tsafe, su ware mai amfani da mai cutarwa. Na uku, a rubuta ɗan littafi da Hausa, da boko da ajami, a riƙa karantar da shi a ranakun awo da rigakafi da makarantun Islamiyya na matan aure, a kuma sa ungozomomi cikin masu koyarwa domin maganarsu ce ake ji a ɗakin mai jego. Na huɗu, a shigar da shi cikin darussan ɗaliban ilimin ƙananan yara, tun da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta riga ta amince da kula da yara kafin firamare a matsayin ɓangaren ilimi. Duk wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Tabarma da man shafawa da hannu mai tsafta sun wadatar.

9.0 Kammalawa

An ga yadda yoga ta jarirai ta samo asali daga renon gargajiya na wasu al'ummu, da yadda renon Bahaushe ya ƙunshi mafi yawan abin da take koyarwa. An kuma ga abin da bincike ya tabbatar da inda ya tsaya, da abubuwan da suka kamata a bari da waɗanda suka kamata a ara. Kayan aro ba ya rufe katara, amma wanda ya ƙi gyara nasa shi ma tsirara zai kwana. Yawancin ɗaliban da ke karanta wannan darasi iyaye ne ko masu shirin zama iyaye, kuma su ne za su karɓi yaran nan a aji ɗaya na firamare bayan shekara shida. Abin da yaro zai zo da shi ajin, na ƙwarin jiki da yalwar kalmomi da natsuwa, tun a kan ƙaurin mai wanka ake fara gina shi. Ya rage gare mu mu je mu zauna gaban tsofaffin nan da alƙalami da takarda kafin lokaci ya ƙure.